FAƊUWAR GABA: INA IYAKAR KULA, INA MAFARIN WASWASI?

Gabatarwa

Akwai wata tambaya da ta shafi tarbiyyar zuci wadda ba kasafai ake kawo ta a shafukan adabi ba, alhali kuwa gidaje da yawa suna fama da ita a ɓoye. Tambayar ita ce: idan mutum ya ji wani abu a jikinsa da ya tsorata shi, ya tafi wurin masana, suka auna shi, suka ce masa babu haɗari, amma tsoron ya ƙi barinsa, to ci gaba da binciken da yake yi kiyaye amanar jiki ne, ko kuwa ya faɗa tarkon waswasi?

Na zaɓi in gina wannan tambaya a kan faɗuwar gaba, domin kuwa babu wata gaɓa da ɗan Adam yake jin tsoron taɓuwarta kamar zuciya. Mai ciwon ƙafa yakan yi ɗingishi ya tafi kasuwa. Amma wanda ya ji ƙirjinsa ya yi wani tsalle cikin dare, kamar zuciyar ta tsaya ta sake tashi, to wannan barci ya yi masa ƙaura, sai lissafin marayu da basussuka. A ce ma ya yi abin da ya dace, ya fara daga asibitin garinsu, aka tura shi Kano, aka yi masa awo iri-iri, likita ya duba takardu ya ce, "Malam, zuciyarka lafiya lau take." Ya dawo gida da murna, bayan kwana uku abin ya sake yi masa, sai murna ta koma ciki. Wannan bawan Allah shi ne abin nazarinmu a yau.

Me ke faruwa a cikin ƙirji?

Kafin a yi hukunci a kan abu, wajibi ne a san shi. Zuciyar baligi mai lafiya, idan yana hutawa, takan buga tsakanin sau 60 zuwa 100 a minti guda, wato kimanin sau 100,000 ke nan a yini da kwana. Akwai wani ɗan gurbi a samanta wanda yake sakin siririyar wutar lantarki, shi ne yake ba da umarnin kowane bugu, tamkar mai ƙidaya wa masu daka. Wani lokaci sai wani sashe na naman zuciyar ya yi azarɓaɓi ya buga kafin a ba shi umarni. Idan haka ta faru, sai zuciyar ta ɗan jinkirta don ta koma kan tsarinta, a cikin wannan jinkiri kuwa jini ya cika ta fiye da kullum, saboda haka bugun da zai biyo baya yakan zo da ƙarfi. Wannan jinkirin shi mutum yake ji kamar zuciyarsa ta tsaya, bugun mai ƙarfi kuma shi ne "ras" ɗin da yake ji a ƙirji ko a maƙogwaro.

Likitocin zuciya sun daɗe da sanin cewa irin wannan bugu na riga-malam-masallaci yana samuwa ga ɗimbin mutane masu cikakkiyar lafiya, mafi yawansu ma ba su san yana faruwa ba. Abubuwan da ke ƙara shi kuwa sanannu ne a wurinmu: yawan cin goro, shayi mai kauri da kofi, lemukan ƙarin kuzari da matasa suka runguma, taba, rashin barci, zazzaɓi, ƙarancin jini, ƙishirwa a lokacin bazara, da wasu magungunan mura da na asma. Uwa-uba kuma tsoro. Idan mutum ya tsorata, jikinsa yakan saki wani sinadari mai suna adirenalin, wanda aikinsa shi ne ya zaburar da zuciya. Ka ga an shiga zagaye ke nan: bugu ya haifi tsoro, tsoro ya haifi bugu. Dalilin da ya sa abin ya fi tsananta da dare shi ne gari ya yi tsit, babu abin da ke ɗauke hankali, musamman in an kwanta ta ɓangaren hagu inda zuciya ta fi kusa da bangon ƙirji.

Wannan matsala ba yau ta fara ba. A shekarar 1871 wani likita a Amurka mai suna Jacob Da Costa ya wallafa bayanin sojoji fiye da 300 da ya duba a lokacin yaƙin basasar ƙasarsu, masu kukan bugun zuciya da haki da zafin ƙirji, amma ba a sami wata lalacewa a zukatansu ba. A Yaƙin Duniya na Ɗaya ma an sake ganin irin wannan a rundunar Ingila, har aka riƙa kiran abin da zuciyar soja. Ashe ke nan ba ragwaye kaɗai abin yake kamawa ba.

Hujjar masu cewa a ci gaba da bincike

Adalci ne mu saurari mai tsoron nan, domin yana da hujja. Zai ce mana jiki amana ne, rigakafi kuma ya fi magani. Zai ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, likita kuwa minti goma ya gan shi. Zai kuma tuna mana da wane da wane da aka wayi gari da su lafiya, kafin la'asar an kai su makwanci.

Gaskiya ne ba kowace faɗuwar gaba ce ta banza ba, kuma mu a ƙasar Hausa muna da dalili na musamman da zai hana mu yin sakaci. A shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, sun yi nazarin mata fiye da 200 da zuciyarsu ta raunana bayan haihuwa, suka kuma danganta yawaitar abin da al'adun jego, irin su shan kunun kanwa da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Daga baya Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da abokan aikinsa sun ci gaba da bincike a kan wannan cuta, wadda har yau yankinmu yana cikin wuraren da ta fi yawa a duniya. Saboda haka mai jegon da ta ce gabanta yana faɗuwa, tana haki, ƙafafunta sun kumbura, ba a ce mata ta yi haƙuri, asibiti ake kai ta a ranar.

Haka kuma duk wanda bugun zuciyarsa ya zo tare da suma, ko jiri mai tsanani, ko ciwon ƙirji, ko sarƙewar numfashi, ko ya zamana yana taso masa ne a lokacin aikin ƙarfi, ko zuciyar ta kama gudu ta daɗe ba ta lafa ba, ko kuwa a danginsu akwai wanda ya yi mutuwar fuju'a da ƙuruciya, to wannan jinkirinsa ganganci ne. Mai hawan jini da wanda aka taɓa samu da ciwon zuciya su ma hukuncinsu daban ne. Duk wannan na yarda da shi. Maganarmu a kan wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan alamu ce, an kuma auna shi an sallame shi.

Abin da na'ura za ta iya da wanda ba za ta iya ba

A farkon ƙarni na 20 wani masani ɗan ƙasar Holan, Willem Einthoven, ya ƙera na'urar da take zana bugun zuciya, wadda a asibiti ake kira isiji, aka kuma ba shi kyautar Nobel a 1924. Da yake wannan awo na 'yan daƙiƙoƙi ne, sau da yawa abin da mutum yake kuka da shi ba ya faruwa a lokacin. Don haka wani Ba'amurke mai suna Norman Holter ya fara aikin na'urar da mutum zai yi yawo da ita. Ta farko da ya haɗa a ƙarshen shekarun 1940 ta haura kilo 30, goya ta ake yi a baya. A yau ta koma 'yar ƙarama, ana manna wayoyinta a ƙirji, mutum ya tafi harkokinsa na awa 24 ko 48, ita kuwa tana rubuta kowane bugu.

To, a nan ne wata sabuwar fitina take ɓullowa. Takardar sakamako takan fito da lambobi, a ce misali an sami bugun da ya riga lokaci sau 500. Mai tsoro yana ganin 500 sai cikinsa ya ɗuri ruwa. Amma in aka yi lissafin 'yan aji ɗaya, 500 a cikin 100,000 rabin kashi ɗaya ne cikin ɗari. Likitoci sukan fara sa ido sosai ne idan abin ya kai wajen kashi 10 cikin ɗari na bugun yini, ko kuma idan hoton zuciya ya nuna rauni a namanta. A 1985 an wallafa wani nazari a Amurka inda aka bi mutum 73 masu lafiya waɗanda suke da irin wannan bugu da yawan gaske, aka sa musu ido shekaru da dama, aka tarar makomarsu ba ta bambanta da ta sauran masu lafiya ba.

Akwai kuma darasin da ya fi wannan girma. A shekarun 1980 likitoci sun zaci cewa in aka danne wannan bugu da magani ga waɗanda suka taɓa samun toshewar jijiyar zuciya, za a tsawaita rayuwarsu. Aka shirya babban gwaji a Amurka. Magungunan sun danne bugun kamar yadda ake so, amma a 1989 dole aka dakatar da ba da biyu daga cikinsu, domin masu shan su sun fi mutuwa a kan waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta. Wato dai garin neman gira aka rasa ido. Wannan ya koya wa likitoci cewa ba duk abin da na'ura ta gani ne ake yaƙa ba.

Yanzu kuwa awo ya baro asibiti ya shigo ɗaki. Akwai na'urar awon hawan jini a kemis da gidaje, akwai 'yar abin maƙalawa a yatsa da ta yaɗu tun annobar korona ta 2020, akwai agogon hannu mai ƙidaya bugun zuciya. A 2019 Jami'ar Stanford ta fitar da sakamakon binciken da ta yi da agogon Apple a kan mutum fiye da 419,000. Kimanin rabin kashi ɗaya cikin ɗari ne agogon ya yi wa gargaɗi, daga cikin waɗanda aka bi su da awo na sosai kuwa, wajen sulusi ne aka kama da cutar da ake nema a kwanakin da aka sa musu ido. Waɗannan kayayyaki suna da amfani ga wanda likita ya umarta. Amma a hannun mai waswasi, sun zama tamkar madubi a hannun mai ƙurji: kullum dubawa, kullum sosawa.

Abin lura shi ne, na'ura labari take bayarwa a kan abin da ya faru jiya. Shi kuwa mai tsoro abin da yake nema a cikin takardar shi ne alkawarin cewa ba zai mutu gobe ba. Wannan alkawari kuwa babu asibitin da yake bayar da shi, a Kano ko a Misira ko a Indiya. Shi ya sa awo na biyu ba ya kashe ƙishirwar da na farko ya kasa kashewa. Mutum yakan sami sauƙi na kwana biyu, sannan shakka ta dawo da ƙarfinta, har ma ta fi da, domin an saba mata da cewa duk lokacin da ta ƙwanƙwasa za a buɗe mata ƙofa.

Ma'aunin da malamanmu suka bari

A ganina amsar tambayarmu tana cikin littattafan da muka karanta a zaure tun muna yara. Duk wanda ya karanta Ahalari ko Risala ya san yadda mazhabar Malikiyya ta raba masu shakka gida biyu. Mutumin da ya yi alwala, sannan ya yi kokwanton ko ta karye, an umarce shi ya sake. Amma wanda kokwanto ya aure shi, kullum sai ya zo masa, an ce ya yi watsi da shi, babu komai a kansa. Haka ma a salla: mai shakkar raka'a yakan yi gini a kan abin da ya tabbatar, amma mai waswasi an hana shi biye wa shakkar.

Dubi hikimar da ke ciki, ya kai mai karatu. Shakka iri ɗaya ce, amma hukunci biyu, domin malamai sun gane cewa shakkar farko labari take kawowa daga waje, ta biyu kuwa daga cikin mutum take tsirowa, kuma biye mata shi ne takinta. Ba a ce wa mai waswasi ya jira sai zuciyarsa ta natsu sannan ya ci gaba da salla ba. Cewa aka yi ya ci gaba alhali shakkar tana nan, natsuwa za ta same shi a hanya.

In muka ɗora wannan ma'auni a kan faɗuwar gaba, sai al'amarin ya warware. Faɗuwar gaba ta farko shakkar mai lafiya ce, haƙƙinta a je asibiti. Idan wata sabuwar alama ta ɓullo daga cikin waɗanda muka lissafa, ko yanayin bugun ya sauya, wannan ma sabon labari ne, a koma. Idan likita ya sa ranar dawowa, a cika. Amma idan abin nan ne dai na jiya, wanda aka auna aka san sunansa, to komawa awo na huɗu da na biyar ya fita daga babin kula. Iyakar ke nan: kula tana tafiya da sabon dalili, waswasi kuwa tsohon tsoro yake maimaitawa.

Tun ƙarni na 10 wani malami mai suna Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta littafi a kan gyaran jiki da rai, ya keɓe babi ga masu waswasin cuta da mutuwa. Daga cikin shawarwarinsa akwai guje wa kaɗaici da zaman banza, da samun amini mai hankali wanda zai riƙa tunatar da mutum. Masana halayyar ɗan Adam na wannan zamani ma abin da suke koyarwa ya yi kusa da haka: a rage taɓa jijiyar hannu ana ƙirge, a daina kwana a intanet ana neman sunayen cututtuka, a koma aiki da motsa jiki gwargwadon abin da likita ya yarda.

Wani zai ce, to in likitan ya yi kuskure fa? Yana iya yi, ɗan Adam ne, neman ra'ayin likita na biyu kuma ba laifi ba ne. Amma rayuwa gaba ɗayanta a kan rinjayen zato take tafiya. Mai sayen sa a karar Wudil ranar Juma'a yakan duba haƙori da ido da tafiya, sannan ya biya, ba ya cewa sai an fede an nuna masa hanta. Mu da muke hawa mota mu ƙetare gadar Wudil zuwa Kano ba mu taɓa neman direba ya rubuta mana takardar isa lafiya ba. Koyarwar addini ita ce a ɗaure raƙumi sannan a dogara ga Allah. Mai sakaci ya ƙi ɗaurewa. Mai waswasi kuwa ya ɗaure, amma ya kwana a gindin turke yana jan igiya, har ayari ya tafi ya bar shi.

Wa yake biyan kuɗin tsoro?

Abin da ya sa na kira wannan matsala ta ɗabi'a shi ne ba mai ita kaɗai take ci ba. Kuɗin awon da aka maimaita ba bisa dalili ba, daga bakin iyali aka cire shi, ko daga kuɗin makarantar yara. Layin da aka tsaya a asibiti, wataƙila a bayansa akwai mai jegon da numfashinta yake sarƙewa. Matar gida da 'ya'ya sukan zauna cikin zaman makokin mutumin da yake raye. Daga asibiti a faɗa hannun masu tallar magani a mota da lasifika, daga nan a fara zargin sammu, a ɓata zumunci da 'yan'uwa. Mafi ciwo kuma, shekarun lafiya da Allah Ya ba bawa su ƙare a gadin lafiyar, ba a yi komai da ita ba.

Sai dai kuma kada wannan ya zama sandar dukan mai fama. Tsoron da yake ji na gaske ne, bugun ma na gaske ne. Masu ce masa raki ne, ko rashin tawakkali ne, ƙara masa kaya suke yi, domin yanzu ga tsoron mutuwa ga kunyar jama'a. Idan damuwa ta kai ga hana barci da aiki, ita kanta ta zama lalurar da ake kai wa likita, kuma akwai masu wannan fanni a Asibitin Malam Aminu Kano da na Dawanau. Zuwa wurinsu ba hauka ba ne. Su ma ma'aikatan lafiya akwai haƙƙi a kansu: kalmar "babu komai" ba ta isar wanda yake jin komai a ƙirjinsa. Minti biyar na bayanin yadda abin yake faruwa ya fi masa takardar awo uku.

Namu rabon, mu marubuta

A ƙarshe ina so in juyo gare mu. Sau nawa muka karanta a littattafanmu na soyayya, ko muka gani a finafinai, an hana yarinya wanda take so, ta dafe ƙirji ta faɗi, likita ya fito yana girgiza kai ya ce zuciyarta ta kumbura, in ba a ba ta abin da take so ba za a rasa ta? Gaskiya ne baƙin ciki mai tsanani yana iya taɓa zuciya, likitocin Japan sun bayyana irin wannan a 1990, amma ya fi samun mata masu manyan shekaru, kuma mafi yawansu sukan warke. Mu kuwa mun mayar da shi hanyar warware labari idan dabara ta ƙare mana. Sakamakon haka, mun taya wajen koya wa masu karatu cewa duk motsin ƙirji sallama ce da duniya. Mai alƙalami yana da damar ƙirƙira, amma in zai sa likita a labarinsa, ya kamata ya tambayi likita. Kuma har yanzu adabinmu yana jiran wanda zai rubuta labarin mutumin da aka ce masa lafiyarsa ƙalau ya kasa yarda, da yadda ya koyi zama da shakkarsa har ta gaji ta sake shi. Wannan gwagwarmaya ce da ta isa littafi.

Kammalawa

Zuciya ta fara aiki tun muna cikin mahaifa, ba da izininmu ba, ba kuma da kulawarmu ba, ranar da za ta tsaya kuwa an ɓoye mana ita. Abin da aka ɗora mana shi ne mu kai ta ga masani idan ta yi kuka, mu rage mata goro da gishiri da taba, mu ba ta barci, mu san alamun haɗari, sannan mu ƙyale ta ta yi aikinta mu ma mu yi namu. Wanda ya yi haka ya sauke amana, ko da gabansa ya ci gaba da faɗuwa jefi-jefi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba masu lafiya ikon gane cewa suna da ita, amin.

Sabon Gari, Wudil.